Matan da Perpétue ta Tsefe wa Kai

Shekara goma sha tara Perpétue Essomba ta yi a ɗakin gwajin ƙwaƙwalwa na wata jami'a a Yaoundé, ba digiri, ba ofis, sai kujera mai gurguwar ƙafa. Aikinta ta ɗora wa mutum hular wayoyi, ya zura wa allo ido yana neman jan ɗigo cikin koraye. Daga baya ta bi layukan da ƙwaƙwalwarsa ta zana a kwamfuta, ta yanke duk inda ya ƙifta ido ko ya haɗiyi yawu. Aikin ya ci mata ido, tabarau uku ta sauya.

Wayoyin nan sai sun taɓa fatar kai, kitso kuwa ba ya bari, don haka samari masu aski kaɗai ake gwadawa. Abin ya daɗe yana ci mata rai. Da aka fara babban gwaji, ta shiga kasuwa da ƙafarta ta lallaso mata talatin. Kowace sai ta tsefe mata kai, ta wanke, a yi gwaji, sannan ta mayar mata da kitsonta. Wata huɗu yatsunta na zogi.

Ranar tantancewa, Farfesa Tchoupo, mai ɗakin, ya zuba duk sakamakon gwajin cikin manhajar da abokansa na Turai suka aiko. Nan take manhajar ta watsar da mata ashirin da takwas, wai layukansu da datti.

"Farfesa, kaurin gashi ne. Ba ni sati uku in tace da hannu."

"Haba Mama Perpétue, da wannan idon naki? Can ba sa yarda da aikin hannu. Sauran biyun ma cire su, me biyu za su tsinana?"

Shi da bai taɓa kan kowa ba, ko goge matan biyun daga kwamfuta bai iya yi da kansa ba. Ita ta danna maɓallin. Takardar binciken ta fito kan yadda 'yan Kamaru ke mai da hankali, babu mace ko ɗaya.

Ran Asabar Mama Ngono mai sayar da bobolo, dafaffen rogo a ganye, ɗaya cikin talatin ɗin, ta tare ta a kasuwa.

"Ke 'yar boko, kin fige ni kamar kaza kin ɓace! Me kuka gani a kan nawa? Na ce wa maigida an auna, ba fanko ba ne."

"An gani, Mama. Kanki garau."

Mama Ngono ta juya tana kiran maƙwabta su zo su ji. Perpétue ta tsaya ta maimaita wa kowace, kunya kamar ta nutse.