Guntun Makulli Tsakanin Barnawa da Kamazou

Mun tashi da asuba daga Zariya, mu uku: ni, da babban malaminmu, da ɗalibar da digirinta ya rataya a kan wannan gwaji. Kafin mu tsallake gadar Kaduna bayana ya ƙage saboda ramuka. A Barnawa muka karya da ƙosai da kunu. Mai kunun ta ga akwatunanmu, ta tambaya ko masu gyaran talabijin ne mu. Ba mu musa ba.

Abin da ya kai mu shi ne gwada aika makullin sirri na kulle saƙo ta wayar gilashi mai ɗaukar haske da wani kamfani ya ara mana, daga Barnawa zuwa Kamazou, inda muka bar ɗalibar da na'urar karɓa. Ƙwaya-ƙwaya ake tura hasken, kuma duk wanda ya leƙa a hanya sai ya haddasa kuskure. Ƙa'idar aikin da tsauri: kowane kuskure mai satar saurare muke ɗora wa, mu ɗauka na'urarsa ta fi tamu, mu datse makullin gwargwadon abin da zai iya sani. Ragowar ce tamu.

Da rana ta take, kuskure ya yi ta hawa. Ga zafi, ga tireloli na girgiza ƙasa, aka kuma ɗauke wuta. Mu rage ƙarfin haske, mu ƙara, makullin sai tsukewa yake. Gajiya ta sa na ce mu sassauta lissafin, ai kowa ya san zafi ne.

Dattijon malamin namu, wanda a unguwar Romi ta nan Kaduna ya girma, ya girgiza kai. "Malam, lokacin soja na ji ƙara a wayar ofis, na ce layi ne ya lalace. Watanni na yi a tsare. An koma mulkin farar hula, amma kunnuwa ba su yi ritaya ba."

Na koma kan na'ura.

Bayan la'asar gari ya yi sanyi, kuskure ya ɗan sauka, muka tsira da guntun makullin da bai wuce na gajeren saƙo ba. Dattijon ya kulle saƙonsa da shi ya aika wa ɗalibar: "Kin ci. Haɗa kaya."

Mun shiga Zariya da magariba a gajiye. Abin da na dawo da shi ke nan: ranar da ka fi gajiya, ranar ce za ka fi son yarda cewa ba wanda ke saurarenka.