Pil ɗin da na shanya a rana

Alhaji mai buga kaset a Yamai ya sa kaset ɗin waƙata ya danna rediyonsa, sai ga wata siririyar murya tana gudu kamar an koro ta.

"Malam, wace yarinya ce wagga?"

"Ni ne, Alhaji."

Ya cire kaset ɗin ya miƙo mini. Ko baiti guda bai ƙare ba.

Shekarar fari ce, ina saurayi. Waƙar ta mutanen Filinge ce da suka rufe gidajensu suka yi kudu, kuma har yau ban yi wadda ta fi ta ba. Akuyar da ta rage mana na sayar na shiga mota.

Amma wajen ɗauka, tsofaffin pil, wato batir, na shanya a rana don su farfaɗo na zuba, yadda muka saba. Rediyona ya ja zaren kaset ɗin a hankali. A nawa muryar daidai take, a na Alhaji da ke aiki da wutar lantarki ta koma ta yarinya.

Jiya jikata ta so tura wa masu saye waƙar da ta ɗauka da waya a tsakar gida. Na ce ba da yawuna ba, sai dai ta shiga sutudiyo. Mai saye ba ya jin waƙar da ke ranki, abin da ya fito daga lasifika yake ji.

Mawaƙa, kun taɓa sauraron taku a rediyon wani?