Hoton da Adda Ta Mayar

Akwati ne na katako a kan ƙafafu uku, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. A gaba yana da ido ɗaya na gilashi, da murfi. A baya an ɗinka masa baƙin hannun riga, inda mai shi yake zura hannu yana lalube kamar mai taimakon akuya wajen haihuwa. A tashar Tambuwal na fara ganinsa, ƙarƙashin dalbejiya, ba da daɗewa ba bayan an raba jiha an bar mu da sunan Sakkwato.

Lokacin arzikin mai ne. Samarin ƙauyukanmu na wajen Kebbe suna ta tafiya Ikko, dakon siminti a bakin jirgin ruwa. Ni ma na yanke zan tafi. Fari ya riga ya cinye mana shanu, gonar kuma ba ta riƙe gida. Wanda zai tafi yakan bar hotonsa, sabon yayi ne a lokacin. Ni ina da nawa dalilin daban.

Ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. Kakata ce ta rene ni. Uwata ko Inna ba na ce mata, Adda nake cewa, yadda ƙannenta ke kiranta. Ina ƙarami agana ta shigo garinmu, ta ɗauke ƙannena maza, ni ta bar ni da zanzana fuska duka. Ko a wannan ciwon kakata na riƙa gani a kaina. Na girma, na yi gemu, in na shiga gaishe da Adda bango take kallo. Ban ji haushi ba, haka kowa ke yi. Abu ɗaya ne yake cina: matar nan ta san fuskata kuwa? In aka jera ni cikin mutane a kasuwa, za ta iya fid da ni? Ikko kuma ba kowa ke dawowa ba. Na ce bari in bar mata takarda. Takarda dai ba a jin kunyarta.

Ranar kasuwa na isa tasha da hantsi, amma ban zauna ba. Na tsaya ina kallon aikin. Mai hoton Bayarabe ne, gajere, ya daɗe a garin har bakinsa ya koma irin namu.

"Kai mai doguwar sanda," in ji shi, "tun ɗazu kana zagaya akwatina awa kura. Hoto kaka so ko sata?"

"Kallo nika yi. Mi ke ciki?"

"Aljani. Ƙarami ne, bai cizo. Zauna ka gani."

Na zauna a kan benci, baƙin zane a bayana. Ya gyara mini hula, ya tura haɓata sama da yatsa.

"Kak ka motsa. Kak ka ƙifta. In ƙuda ya sauka, baƙonka ne, ka ƙyale shi."

Ya cire murfin, ya riƙe shi a sama yana motsa leɓe, ya mayar. Shi ke nan. Ban ji ƙara ba, ban ji komai a jikina ba. Ya zura hannu cikin akwatin, ya manna ido a wani ɗan rami na sama, ya daɗe yana lalube. Sai ya zaro takarda jiƙaƙƙa ya ɗauraye a bokiti.

Abin da na gani ba mutum ba ne. Fuska fara fat, farar hulata ta koma baƙa, cikin ido kamar gawayi. Na miƙe tsaye.

"Zauna, wanga dodon ne," ya ce. "Kowa sai ya zama dodo kahin ya zama mutum."

Ya ɗauko wani ɗan buroshi siriri da kwalbar jan ruwa. Ya sunkuya yana ɗiɗɗiga wa fuskar dodon ja, a hankali, yana fito. Ban tambaye shi ba, na ɗauka cikin aikin ne. Ya manna takardar a wani allo gaban idon akwatin, ya sake cire murfi, ya sake lalube. Wato akwatin ya ɗauki hoton hoto. Baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Har yau in na tuna wanda ya fara gano wannan dabara sai in girgiza kai.

Bayan haka na ga kyamarori iri-iri a Ikko. Akwai ta ratayawa a wuya mai fim a naɗe, wadda ba a wankewa sai fim ya ƙare, mutum ya yi ta jira har ya manta rigar da ya sa. Akwai mai walƙiya da ke kashe ido. Daga baya mai launi ta zo. Yanzu jikokina da waya suke ɗauka, su duba, su goge, su sake. Duk cikinsu babu wadda ta kama ni kamar akwatin nan. A gabanka ake yin ka, da hannu da ruwa da rana, kuma zama ɗaya ne.

Ya miƙo mini hoton yana ɗigar ruwa. Wani saurayi ne mai sumul ɗin fuska, da ɗan haske, sanye da hulata. Babu rami ko ɗaya.

"Na gyara ka," in ji shi. "Ko 'yan matan Ikko sai sun waiwayo."

Na daɗe ina dubawa. Ashe haka zan kasance da agana ba ta zo ba. Abin ya burge ni. Na sa shi cikin hula na kama hanya, ina tsayawa a gindin itace ina sake duba baƙon nan.

A gida na miƙa hoton ga ƙanwata, wadda ke bi na a raye, da ta zo wankan jego a lokacin. Na ce ta kai wa Adda. Ni kuma na zauna bayan zana kusa da ƙofar ɗakin, na ɗauko igiya kamar ina gyara.

Ta shiga da shi. Sai na ji muryar Adda.

"Wane ne wanga?"

"Inna, Yaya ne mana. Ga hulatai."

"Hula dai tashi ce."

"Mai hoto ya ɗan gyara shi ne. Kowa haka aka yi mai."

"Ina babban ramin ƙarƙashin idon hagu? Ina wanda ya cinye wutsiyar gira? Na gefen hanci da suka haɗe suka zama ɗaya, suna ina? Ga nan kusa da kunne, akwai wani dogo awa ƙwayar shinkafa."

Na ajiye igiyar. Na kai yatsa kusa da kunnena, na lalubo. Yana nan, dogo. Ni da nake ɗauke da shi ban san da shi ba.

"Ki mai da ma mai shi," in ji Adda. "Ɗan wasu ne. Uwatai na can tana nemanai."

Ƙanwata ta fito tana danne dariya, ta jefa mini hoton a cinya. Ina ta lissafi a raina: yaushe ta duba? Ina barci? Ina cin tuwo, kaina a sunkuye? Ko tun ina kwance cikin ciwon, a lokacin da ba na gane mai shigowa? Ba abin tambaya ba ne.

Abokan tafiyata suka tafi suka bar ni. Na jira kasuwa ta zagayo, na koma Tambuwal.

"An mai do," na ce wa mai hoton.

"Wa ya mai do? Mi ya same shi?"

"Ba ni ba ne. A sake, ban da jan ruwa."

Ya dube ni kamar na ce ya yi mini aski da fartanya. "Tun da nika wanga aiki, kowa cewa shikai in ƙara haske. Kai kaɗai ka zo neman ramu. Mutane su gani su ce ban iya ba?"

"Ba mutane za su gani ba. Mutum ɗaya ce."

"Budurwa?"

"Tsohuwa."

Sai ya ja bencin ya juya shi, yadda rana za ta bugo ni ta gefe. Ya ce in dai ramu nake so, to bari su fito da kyau, kowane da inuwarsa. Ya cire murfi ya mayar. Da ya zura hannu sai ya kira ni, ya ce in sa idona a ramin sama. Ciki duhu ne mai ja-ja. Ga takarda kwance a ɗan faranti cikin ruwan magani, babu komai a kanta. Ina kallo inuwa ta fara tasowa, hula, kunne, sannan fuska. Babu aljani. Hannunsa ne kawai yana jijjiga farantin.

Na biyun ya fito da ni yadda nake. Na farkon kuwa ya karɓe, ya manna a allon da yake jan mutane da shi. An ce ya yi shekaru a wurin.

Wannan karon ƙanwata ta shiga wurin Adda da sabon hoton, ta fito hannu wofi. Na tambaye ta me aka ce. Ta ce ba a ce komai ba.

Safiyar tafiya na ɗaure kayana, na je ƙofar ɗakin na durƙusa, na ce zan kama hanya. Labulen a ɗage yake. Adda na zaune a kan tabarma, ta ba ni gefe kamar kullum. Hoton yana kan cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu, shi take kallo. Ta fara yi masa faɗa. Kada ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa don a yabe shi. Kada ya shiga ruwan can, ba irin gulbinmu ba ne. Ya ci abinci da zafinsa. Ya rage wannan shirun nasa, mutanen wata ƙasa za su ɗauka girman kai ne. Ta yi ta yi, ba ta ɗago ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba.

Mai kai ni bakin hanya yana ta buga ƙararrawar kekensa a waje. Na bar shi ya buga, na gyara durƙuso har ta gama.