Yadda Loretta Ta Rabu Da Tukunyar Sosej

Tsinken sakacen da Loretta Zastrow take riƙewa a wurin biki bai taɓa jiƙewa da miya ba. Takan zare shi daga kofi kamar kowa, ta tsaya gefen tukunyarta tana juya shi tsakanin yatsu, in an tashi ta jefa shi kwandon shara fari tas yadda ta ɗauko shi. Shekara talatin da huɗu tana ciyar da ƙaramin garinmu na jihar Wisconsin da 'yan ƙananan sosej ɗin nan masu tsawon ɗan yatsa, ba wanda ya lura ko ɗaya bai taɓa shiga bakinta ba. Ko ƙamshinsu ba ta so.

Mijinta Orville, direban tankar madara, shi ya ja mata. A shekarar da aka kawo ta amarya, ta gasa fai, wato ƙullun fulawa mai tuffa a ciki, irin na mahaifiyarta, don walimar ƙarshen shekara ta 'yan kwana-kwana. Orville ya ɗora shi a rufin mota zai kankare ƙanƙarar gilashi, ya manta, ya ja mota. A kwanar gidan man fetur fai ɗin ya sauka bai yi musu sallama ba. Tana kuka surukarta ta ara mata tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, ta ce a juye sosej na naman shanu, da kwalbar jam ɗin inabi, da kwalbar miyar tumatir mai yaji, a rufe a bar su. Kafin shugaban 'yan kwana-kwana ya gama jawabi an suɗe tukunyar.

To, dokar garin ba a rubuce take ba, amma ta fi ta kotu ƙarfi. Abin da ka kawo aka cinye shi tas, ya zama naka, sai mutuwa ko ƙaura. Mutum ɗaya, abu ɗaya. Tun daga ranar Loretta ta zama mai sosej. Ta haifi 'ya'ya uku, ta yi shekara ashirin da shida tana sayar da kan sarki a gidan waya, duk ba a san ta da wannan ba. Aure, jana'iza, kallon ƙwallo, yaye 'yan makaranta, ana ganinta sai a duba hannunta. Sau uku tukunyar tana mutuwa, sau uku Loretta tana murna a ɓoye, sau uku mutanen kirki suna haɗa hannu su sayo mata sabuwa. Ita kuwa ba za ta iya cewa ba ta so ba, don a nan iyakar zagin abinci shi ne a ce, “Ba laifi.”

Akwai bishiyar tuffa a bayan gidanta. Duk kaka takan gasa fai, su ci su kaɗai, ba wanda ya sani a waje. Gurbin fai na Bernadine Kuehl ne tun kafin a haifi rabin garin.

Sai bana gwiwoyin Bernadine suka ce ba su ƙara sanyi, ta tattara ta koma Arizona wurin 'yarta.

Ranar Talata Loretta ta ci karo da Gloria Wendt a kanti. Gloria ce mai riƙe da takardar wa zai kawo me.

“Ƙawata, to yanzu fai fa?” in ji Loretta, tana duban kabeji kamar da shi take magana.

“Matar ɗana ta ce za ta gwada daga baɗi. Ranar Asabar in an tashi walimar 'yan kwana-kwana zan rubuta ta. Bana dai a haƙura.” Gloria ta dafa ta. “Ke kam kin huta, kina da naki. Wa zai yi gigin taɓa sosej kina raye?”

“Haka ne,” in ji Loretta. Ta sayi fulawa buhu biyu.

Da rana Orville yana zaune yana gyaran ƙugiyar kamun kifi, ta ajiye kwalaben a gabansa, ta yi ajiyar zuciya mai nauyi.

“Me kuma, Maman yara?”

“Aikin Asabar nake tunani. Ba ƙaramin abu ba ne.”

Ya yi dariya har tabarau ya zamo. “Kwalba biyu da leda uku? Ai ko karen nan aka ba shi mabuɗin kwalba zai yi.”

“Kare ƙila. Kai dai a'a.”

“Ni?”

“Kai, tsoho. Mutumin da ya ƙona ruwan shayi ranar da na haifi Dale.”

“Butar ce ta yi yoyo.”

“Bar shi kawai, Orv. Akwai hannu a cikin abin. Ba kowa ba.”

Orville ya ajiye ƙugiya. Shekara arba'in yana juya tanka da baya a farfajiyar da ba ta kai tabarma ba, yau a ce masa ba kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi ya ɗaura gyalen girkinta mai furanni, ya hana ta matsowa. Ya juye sosej, ya juye jam, ya juye miya, ya gauraya da ludayi yana huci kamar mai kwaɓa siminti, ya murɗa maɓalli zuwa ƙaramar wuta. Bai ƙara komai ba, bai rage ba. Duk rabin awa sai ya buɗe murfi ya leƙa. Ita kuwa tana can ɗaya gefen tana murza ƙullu, ta ce na gida ne.

Akwai abin da bai gani ba. Tukwanen garin duk kamarsu ɗaya, shi ya sa kowa ke manna salatif a gindin tasa ya rubuta suna. Tun jiya Loretta ta ɓamɓare nata ta manna sabo.

Da za su fita ya ga ta rungumo tire a lulluɓe.

“Na gidan ne za shi yawo?”

“Ko za a buƙata.”

“Kawo in riƙe miki ki shiga.”

“Na gode. Ka taɓa riƙe mini.”

A zauren 'yan kwana-kwana an tura jar motar kashe gobara waje, an jera tebura. Gloria tana bin tukwane tana ɗagawa tana karanta gindi yadda ta saba. Ta zo kan ta sosej, ta ɗaga, ta gyara tabarau.

“Orville Zastrow?”

“Da hannuna,” in ji shi, tun bai gane me ta karanta ba. “Ko ludayi ban bar ta ta taɓa ba.”

Nan fa aka yi masa caa. Maza suna dukan bayansa, mata suna cewa na bana har ya fi laushi. Wani ya rantse ya ji citta a ciki. Orville ya ce sirri ne. Loretta tana gefe da busasshen tsinkenta, tana kallon abin da ta yi shekara talatin da huɗu tana yi ba wanda ya rantse ya ji citta. Kafin ƙarfe uku yara suna goge gindin tukunya da burodi. Gloria ta danna biro ta yi rubutu.

“Me kike rubutawa?” in ji Orville.

“Sunanka mana. Akwai auren 'yar Schroeder a Janairu, ka ninka. Sai taron coci, sai daren ƙwallo.”

Ya juyo ya dubi matarsa. Ita tana duban silin.

Saura rabin aiki. Ta ajiye fai a tsohon gurbin Bernadine, aka yi ta ɗiba ana lumshe ido, har ya rage yanka ɗaya. A nan ya tsaya. Mutumin garin nan ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi ya ɗauki na ƙarshe. Fasto ya zo ya raba yankan biyu, ya ɗauki rabi. Matar mai kanti ta raba rabin. Wani ya raba abin da ta bari. Aka bar wani siririn abu a tsakiyar tire, da kyar ya kai faɗin tsinken sakace, kowa ya wuce sai ya ce, “A bar wa wani.” An fara naɗe kujeru. Gloria ta taho da takardarta, matar ɗanta na biye da ita, ta leƙa tiren ta karkata kai.

“Ayya. Ya kusa ƙarewa kuwa.”

Loretta ba za ta iya cinye nata da kanta ba, wannan ko yaro ya sani. Ta tsaya tana juya tsinkenta.

Sai ga Orville, tukunyar da babu komai a hammatarsa, wayar wutarta tana jan ƙasa. Ya tsaya ya dubi siririn yankan, ya dubi Loretta, ya daɗe.

“Kin san dai abin da kika yi mini.”

“Kai ka ce ko kare zai yi.”

“Na faɗa.” Ya sa yatsu biyu a gaban fasto da kowa, ya ɗauke na ƙarshe ya jefa a baki. Har ya dangwale ɓurɓushi. “Rubuta ta, Gloria. Wancan na kwanar gidan mai ne na biya.”

Gloria ta ɗaga tiren, ta ga salatif a gindi da suna a rubuce tsaf, ta yi murmushi ta rubuta.

Suna isa gida Orville ya tambayi yadda ake fitar da jam ɗin da ya kama. Ta ce a jiƙa da ruwan zafi, a yi haƙuri. Ta bar shi a bakin famfo da gyale mai furanni, ta sauka ɗakin ƙasa inda take ajiyar tuffa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ware waɗanda suka fara laushi.