Piyano a Bisa Katanga

Shekarar da aka samu mulkin kai aka yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Tasawa zuwa Mayahi. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Kayanmu ba wani yawa gare su ba, sai abu guda: piyano, ƙaton akwatin kiɗa da wata Baturiya ta bar mishi da za su koma ƙasarsu. Ni dai ban taɓa son abin ba. Baƙi wuluk, ga nauyin tsiya.

Lokacin da aka shigo da shi gidan ba a gina zaure ba. Da aka gina kuwa, ƙofofin ba su kallon juna, don kar mai wucewa ya hango cikin gida. Aka tura, aka karkata, piyano ya ƙi juyawa. Mai gidan da muke haya ya ce kar wanda ya taɓa mishi zaure. Sai Malam ya ce a ƙetare da shi ta bisa katanga.

Damina ba ta daɗe da wucewa ba, katangar duk ta zaizaye.

Na ce, “Malam, don girman Allah ka bar abin nan. Ba ya ci da mu, ba ya sha da mu.”

Ya ce, “Ke dai koma ɗaki.”

Ban koma ba. Na laɓe bakin zaure.

Ya ɗauko ’yan dako shida daga filin da ake jibge buhunan gyaɗa. Ƙarfi kam akwai. Amma su aikinsu, in sun kai buhu bakin mota sai su ce “Ya tafi!” su saki, ko ya faɗi ba ya jin ciwo. Ba wanda ya tuna ya gaya musu wannan ba buhu ba ne.

Huɗu suka ɗaga daga ciki, biyu suka tsaya waje da Malam. Abin ya hau katanga yana ƙugi, ƙasa na zubowa. Malam ya matsa ya sa hannun dama ƙarƙashi, wai kar fentin ya karce.

“Ya tafi!”

Na ciki suka saki. Na waje biyun suka yi tsalle gefe, don sun san kalmar. Malam bai sani ba.

Na ji ƙarar wayoyin cikin piyanon gaba ɗaya, sannan shiru. Na fito a guje ko mayafi babu. Malam na zaune a ƙasa, yana numfashi, na ce alhamdulillahi. Sai na ga hannun, danne tsakanin katakon da turmin maƙwabta.

Yatsu uku likita ya cire. Sati biyu bayan nan muka isa Mayahi. Kullum da asuba, kafin ya tafi lakwal, nakan riƙe mishi allo yana koyon rubutu da hagu, yana gogewa, ba ya ɗaga kai ya dube ni.