Malam Kiyari da Mashigar da Ban Taka Ba

An binne Malam Kiyari Mustafa shekaranjiya Litinin bayan sallar la'asar, a nan Diffa. Masunta ne suka tsamo gawarsa daga kogin Komadugu da safiyar ranar, kwana biyu bayan ruwa ya tafi da shi a wata mashiga da ke gabas da Geskeru. Labarin ya same ni a biro, wato ofishinmu, ranar Asabar da azahar, ina cikin kiran mutanen da muka raba wa wata taswirar hanyoyi mai kuskure. Ni na yi kuskuren. Shi ya je dubawa.

Malam ya daɗe yana aikin hanyoyi kafin ya koma koyarwa. Mu tara ne a horonsa na bana, ma'aikata daga ofisoshi dabam-dabam. Yana koya mana yadda ake auna hanya, a duba abin da za ta yi wa gonaki da magudanar ruwa da burtalin dabbobi, sannan a zana ta. Ranar farko bai kunna kwamfuta ba. Ya kai mu tsakiyar kogi cikin watan Afrilu, muka tsaya a kan busasshen yashi, ya ce kowa ya faɗi watan da ruwa ya fi yawa a wurin. Waɗanda suka zo daga Damagaram da Yamai suka ce Agusta. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan kogi baƙo ne daga Najeriya. Sai damina ta ɗauke, kun girbe hatsi kun saki jiki, sannan zai yi muku sallama."

Yana da sanda mai tsaga-tsaga wadda yake auna zurfin ruwa da ita, kuma bai taɓa barin mota ta shiga ruwan da bai fara takawa da ƙafa ba. Direbanmu, Alhaji Sani, mutumin Damagaram, ba ya gajiya da tsokanarsa. "Haba Malam, ga na'ura a hannunka tana magana da tauraron ɗan Adam, kana yawo da sanda kamar wanda shanunsa suka ɓace?" Shi kuwa yana naɗe wando yakan ce, "Alhaji, na'urar ta san inda nake. Ba ta san abin da ke ƙarƙashina ba."

Ƙa'idarsa a zane guda ce. Miƙaƙƙen layi na hanyar da mota ke bi kowane lokaci ne, layi mai tsinkewa na hanyar rani kaɗai, kuma ba a ja miƙaƙƙe sai wani cikinmu ya taka wurin lokacin ruwa. Yakan ce, "Wanda ya ja layi shi ya tura motar."

A watan jiya yana Yamai wajen ganin likita, aka matsa mana mu miƙa taswirar. Yankin da ya faɗo mini ba a ba mu izinin shiga ba saboda matsalar tsaro. Na buɗe hoton tauraron ɗan Adam, na ga sawun motoci ya ratsa wani reshen kogin sarai, na ja miƙaƙƙen layi. Ban duba watan da aka ɗauki hoton ba. Na rani ne.

Ranar Juma'a da ya dawo ya shimfiɗa takardar, ya bi ta da yatsa, ya tsaya a wurin.

"Wa ya taka nan?"

"Ba kowa, Malam."

Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi mutum nawa aka ba, na lissafa masa. Ya ce, "To, ka zauna ka kira su ɗaya bayan ɗaya. Ni da Alhaji za mu nemi izini mu je mu gani. Kada ka ce wa kowa wataƙila. Ka ce kada su bi."

Washegari Asabar suka samu izini suka tafi. Daga baya Alhaji Sani ya gaya mini cewa ruwan a ido bai fi gwiwa ba. Malam ya sauka da sandarsa, ya yi taku kamar ashirin. Ruwa ya riga ya cinye yashin daga ƙasa. Ya juyo ya ɗaga hannu alamar a tsaya, sai ƙasa ta zame da shi.

Na samu duk waɗanda ke riƙe da taswirar, ban da mutum ɗaya. Falmata, abokiyar karatunmu, ta fita tun Alhamis da ta wuce da motar magunguna zuwa ƙauyukan bakin kogi, inda waya ba ta shiga. Bisa tsarin tafiyarta, gobe Alhamis za ta dawo, kuma hanyar da ta zaɓa ita ce wadda na zana. Direbanta baƙo ne a yankin. Tun Asabar duk ƙarar waya sai na yi wuf na duba ko labarinta ne.

A wurin ta'aziyya na durƙusa gaban uwargidansa, Hajiya Yagana, na fara faɗa mata gaskiyar abin da ya faru. Ta katse ni. "Ɗana, na sani, ya gaya mini kafin ya fita. Kwanansa ne ya ƙare. Yarinyar nan da ke daji, an same ta?" Na ce tukuna. Ta ce, "To me kake yi a nan?"

Allah Ya jiƙan Malam Kiyari, Ya yafe masa kurakuransa, Ya karɓi shahadarsa, Ya sa ilimin da ya bari ya zama haske a kabarinsa. Allah Ya ba Hajiya Yagana da ƴaƴansa haƙuri, Ya tsaya musu. Mu da ya koyar, Allah Ya yafe mana abin da muka yi da gaggawa.

Jiya na ba wani mai fataucin kifi takarda zuwa ƙauyen da Falmata za ta tashi daga shi. Da hantsin yau ya kira daga Geskeru ya ce ya damƙa ta a hannun maigarin ƙauyen. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, ba a tabbatar takardar ta isa hannunta ba.