Shukar Ƙanwata

Warin jiƙaƙƙen buhu ne ya mayar da ni gida. A shekarar korona ina gadin wata gona a Umm Salal, kusa da Doha, sai kafil, wato ubangidana, ya ce in lulluɓe fashan, wani mai yaɗo mai 'ya'ya masu tsami da ya hau shinge, don iskar hunturu ta fara ƙona masa ganye. Ina ɗaga buhun sai warin ya buge ni.

A ƙauyenmu na kan dutse, kakata ta shuka irin wannan mai yaɗo a inda aka binne cibiyar ƙanwata. Furensa fari ne da gashi shuɗi a tsakiya. Kowa a gidan "shukar yarinya" yake ce masa, ni kuwa na ɗauka ransu ɗaya ne.

Sanyi na shigowa kaka takan sare rassan, ta tara busasshiyar ciyawa a gindin, ta naɗe shi da buhu. Wata shekara tari ya kama ƙanwata, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zarto. Da safe na leƙa cikin buhun, na ga ganyen ya yi baƙi ya zube, na ɗauka ita ma tafiya za ta yi. Na ɗauko ruwan zafin da aka ɗora wa baba, wai in ɗumama shukar.

"Kai maigida, dafa mana ita za ka yi?" in ji kaka, ta riƙe hannuna. Ta kankare ɓawon da farce, ta nuna mini ɗanyen kore a ciki. "Barci take. Jeka zauna da 'yar uwarka, ita ke neman ɗumi."

Na je, ta kuwa warke.

Amma da na girma ban zauna ba. Shekaru ina Doha, sai ƙanwata ta kira sau uku kafin in kira sau ɗaya. A hunturun nan na korona ɗanta ya sanar da ni tana asibiti, numfashi ya gagara, ga shi ba jirgi. In waya ta yi ƙara sai in kasa dubawa.

Allah ya tashe ta. Lokacin gasar ƙwallon duniya, ina Corniche, bakin tekun Doha, cikin hayaniyar baƙi, ta kira, muryarta ta dushe har yau.

"Yaya, kowa ya zo garinku kallo. Kai yaushe za ka zo kallona?"

Washegari na ce wa kafil khalas, na gama, gida zan koma.